Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Fastoci da Dattawan Ikkilisiyoyin Maraɗi, a kan Waɗanda Suka Yi Sanyi

Zuwa ga iyayena fastoci, masu bishara, dattawan ikkilisiya, da uwayenmu shugabannin zumuntar mata, na cikin garin Maraɗi da na karkara,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, ina aikin Ubangiji? Allah ya ƙara muku ƙarfi, ya sa ku gama lafiya.

Ni ɗanku ne. Ba fasto ba ne ni, ban kuma shiga makarantar Littafi ba. Hidimata a ikkilisiya koyar da ajin baftisma, sauran ranakun mako kuwa ina kasuwa ina neman abincina kamar kowa. Da maganar ta tsaya a majami'armu kaɗai, da na same ku a gida bayan sujada, na durƙusa na faɗa muku a kunne. Amma abin bai tsaya a ɗarika ɗaya ba. Ban da haka, waɗanda nake magana a kansu sun daina zuwa sujada, sanarwar ranar Lahadi ba ta kai musu, sai dai kowannensu yana da waya a hannu. Ina so su ma su ga cewa an ɗauko maganarsu a bainar jama'a, ba don a ci mutuncinsu ba.

Kowace majami'a tana da littafin sunayen membobi. Ina roƙonku ku buɗe naku, ku koma shekara 10 baya, ku karanta sunayen waɗanda kuka yi wa baftisma da hannunku, sa'an nan ku duba bencina ranar Lahadi. Wasu sun rasu, wasu aiki ya kai su Yamai ko Damagaram. Amma akwai waɗanda suke nan cikin gari, kuna haɗuwa da su a kasuwa da tasha, in aka tambaya ina wane sai a ce, "Ai ya ja da baya." Ina wance? "Ta yi sanyi." Daga nan magana ta mutu, an shiga batun rufin majami'a da kuɗin taron gunduma. Wani lokaci har a ƙara da cewa, "Dama can ba na gaske ba ne." Wannan ta ƙarshen ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

Ku ne kuka koya mana Afisawa sura 2, aya 8 da 9, tun muna makarantar Lahadi: ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, wannan kuwa ba ƙoƙarinmu ba ne, baiwar Allah ce, don kada kowa ya yi fariya. Ku ne kuka sa muka haddace maganar Yesu a Yahaya sura 6, cewa ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi. A kan bagadi ba mu taɓa musun wannan ba. Amma da an sauko daga bagadi an zauna taron dattawa, sai mu koma magana kamar bangaskiya jarumtaka ce, mai ita namijin duniya, wanda tasa ta raunana kuma rago ne ko maci amana. In baiwa ce, iyayena, to wanda yake tsaye yau da me zai yi wa wanda ya faɗi gori? Bulus ya tambayi Korantiyawa, me kake da shi wanda ba ba ka aka yi ba? In kuwa ba ka aka yi, don me kake fariya kamar ba karɓa ka yi ba?

Mu mutanen Maraɗi ya kamata mu fi kowa sanin amsar wannan tambaya. Masu mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun shigo Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru suka zauna a Tsibiri, nan kusa da mu. Sun yi shekaru suna wa'azi, waɗanda suka karɓa ba su taka kara sun karya ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932. An buɗe likitar Galmi a 1950, ta kutare a Danja kuma a 1956, ikkilisiyar EERN, wato Ikkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, ta tsaya da ƙafarta daidai lokacin samun mulkin kai, ƴanʼuwanmu Katolika kuwa sai a 2001 Maraɗi ta zama mazaunin bishop nasu. Ku dubi kakanninmu da suka fara bi. Da yawansu ba manyan gari ba ne. Akwai wanda ciwo ya kai shi Danja dangi sun gaje da shi, akwai yaron gidan Bature mai ɗebo ruwa, akwai maraya da aka kai makarantar mishan don ba mai ciyar da shi. Mutum biyu suna kwance ɗaki ɗaya, magani ɗaya, wa'azi ɗaya suka ji. Ɗaya ya tashi da bangaskiyar da ta kai jikokinsa, ɗaya ya koma gida yadda ya zo. Wa zai ce na farkon ya fi wayo ko ya fi kirki? Har yau, bisa ƙidayar 2012, ba mu kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a ƙasar nan. Duk wanda ya sami kansa cikin wannan ɗan adadi, in ya yi wa kansa adalci, ya san ba dabararsa ce ta kawo shi ba.

Na san za ku ce, shigowa kam baiwa ce, amma tsayawa aikin mutum ne. Nan ne nake so mu ɗan jima, domin nan ne kuskurenmu yake.

Ku tuna daren da aka ba da Yesu. A Luka sura 22, Bitrus ya bugi ƙirji ya ce ko kurkuku ko mutuwa yana tare da Ubangiji. Yesu bai ce masa "madalla da ƙarfin bangaskiyarka" ba. Ce masa ya yi, Shaiɗan ya nemi ya sheƙe ku kamar alkama, amma na yi maka addu'a kada bangaskiyarka ta ƙare, kai kuma in ka juyo, ka ƙarfafa ƴanʼuwanka. Kafin zakara ya yi cara Bitrus ya yi musunsa sau uku, har da rantsuwa, a gaban baranya. Da a cikinmu aka yi wannan, da washegari an rubuta a littafi cewa ya ja da baya, da kuma wani dattijo ya ce dama can bakinsa ya fi zuciyarsa. Amma abin da ya riƙe Bitrus a daren nan ba alkawarin da ya yi ba ne, domin alkawarin ya rushe tun kafin asuba. Addu'ar da aka yi masa ce ta riƙe shi. Yesu ya san zai faɗi, ya kuma ba shi aikin da zai yi bayan faɗuwar tun kafin ya faɗi. Ashe akwai mutumin da bakinsa yake musu, idonsa yana hawaye, bangaskiyarsa kuwa ba ta ƙare ba, don akwai mai riƙe da ita.

Toma ma fa? Ya ce shi ba zai gaskata ba sai ya sa yatsa a gurbin ƙusa. Yahaya ya ce bayan kwana takwas almajiran suna cikin gida, Toma kuwa yana tare da su. Mako guda cur yana zaune cikinsu yana cewa bai yarda ba, ba wanda ya nuna masa ƙofa. Da sun kore shi, da ba ya nan ranar da Yesu ya sake zuwa. Yahaya Maibaftisma, wanda ya nuna Ɗan Rago da yatsarsa, daga kurkuku ya aika a tambaya ko shi ne mai zuwan ko a sa ido ga wani. A ranar nan ce Yesu ya ce cikin waɗanda mata suka haifa ba wanda ya fi shi. Shi ya sa Bulus, da yake rubuta wa Filibiyawa, bai dogara ga ƙwazonsu ba. Cewa ya yi ya tabbata wanda ya fara kyakkyawan aiki a cikinsu shi zai kai shi ga kammala.

Wannan gardama ba a kanmu aka fara ta ba, kuma a nahiyarmu aka fi yin ta. A shekara ta 250, sarkin Roma Desiyus ya umarci kowa ya miƙa hadaya ga allolin daular, a ba shi takardar shaida. A Kartaj, inda ƙasar Tunisiya take yau, masu bi da yawa suka miƙa, wasu kuma suka sayi takardar da kuɗi. Da tsananin ya lafa suka dawo ƙofar ikkilisiya suna kuka. Wasu shugabanni, musamman wani Nobatiyan a Roma, suka ce ba hanyar dawowa har abada. Bishop ɗin Kartaj, Sifiriyan, ya tara majalisa a 251, aka yanke cewa a karɓe su bayan lokacin tuba, kowa gwargwadon abin da ya yi, wanda kuma yake bakin mutuwa kada a bar shi ya tafi ba a sulhunta shi ba. Kada wani ya ce sassauci ne na matsoraci: Sifiriyan ɗin nan an fille masa kai a 258 saboda sunan Yesu. Bayan tsananin shekara ta 303 aka sake irin wannan rikici, mabiyan wani bishop mai suna Donatus suka ware suka ce su ne ikkilisiyar tsarkaka, ba za su haɗa hannu da waɗanda suka miƙa Littattafai ga hukuma ba. Rabuwar ta wuce shekara 100 tana cin ikkilisiyar Arewacin Afirka. Wanda ya fi tsaya musu shi ne Agustin, bishop ɗin Hippo, garin da ake kira Annaba yau, a Aljeriya maƙwabciyarmu. Shi da kansa ya rubuta cewa da farko yana tsammanin bangaskiya daga gare mu take, Allah sai dai ya ƙara a kai, har wannan tambayar ta Bulus ga Korantiyawa ta juya masa tunani. Gab da rasuwarsa a 430 ya rubuta littafi guda a kan cewa jimrewa har ƙarshe ita ma baiwa ce. Hujjarsa mai sauƙi ce, ko yaron ajin baftisma zai gane ta: kullum muna roƙo kada a kai mu cikin gwaji, muna roƙo Allah ya tsayar da mu; ai mutum ba ya roƙon abin da yake cikin aljihunsa.

To me yake sanyaya mutanenmu a nan? Mun saba ɗauka wuta ce. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa, aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, a Yamai kaɗai hukuma ta ƙirga 45, a garuruwan biyu kuma mutum 10 suka rasa ransu. A Yunin 2019 aka ƙona wata majami'a a unguwar Zariya, nan cikin garinmu. Waɗannan ranaku sun yi ɗaci, ba wanda zai manta. Amma ku da kanku shaidu ne cewa bayan wuta mutane sun taru sun yi sujada a ƙarƙashin rumfa, wasu ma da suka daɗe ba a gani ba suka fito. A irin waɗannan ranaku akwai kuma maƙwabta Musulmi da suka ɓoye masu bi a gidajensu, ba za mu bar wannan ya ɓace daga bakinmu ba. Wuta ba ta cika kwashe mana mutane ba.

Abin da yake kwashe su a hankali yake zuwa, ba ya ƙara. Yarinya ce ta kai shekara 28, tana cikin mawaƙa tun tana ƙarama, samarin majami'arsu ba su fi a ƙirga da yatsu ba, su ma ba su da abin yin akwati da kayan biki irin wanda mu da kanmu muka mayar dole. Ƙannenta na unguwa duk sun yi aure, kullum ana yi wa uwarta habaici a gidan suna. Ran nan wani mutumin kirki daga waje ya zo da maganar aure. Saurayi ne ya gama lakwal ba aiki, ya bi ayari zuwa Agadas, daga can sai wurin haƙar zinariya a Jado ko Libiya, ya yi shekara uku bai ga majami'a ba, ba wanda ya taɓa kiran wayarsa daga gida sai mai neman a turo masa kuɗi. Magidanci ne da ya karɓi bishara shi kaɗai a danginsa, aka ware masa kwano, aka hana shi gonar gado, ya jure shekara biyar, sa'an nan damina ta ƙi, rumbu ya ƙare tun kafin bazara, ƴanʼuwan da suka ware shi su ne suke da hatsi. Tsohuwa ce da take tunanin wa zai wanke ta, ina za a binne ta. Ɗan kasuwa ne da rufe iyakar Ɗan Isa da ke tsakaninmu da Najeriya, a 2019 da kuma bayan Yulin 2023, ya karya masa jari, kunyar zuwa sujada ba abin sa wa a baiko ta zaunar da shi a gida mako ɗaya, mako ya zama wata, wata ya zama shekara.

Ba cewa nake yi duk abin da suka yi daidai ne ba. Cewa nake yi ba ɗaya daga cikinsu da ya tashi da safe ya ce ya ƙi Yesu. Gajiya suka yi, su kaɗai, mu kuwa da muke da hakkin ɗaukar nauyin juna sai muka iso bayan an gama, da alƙalami a hannu.

Akwai kuma wani abu sabo da yake ƙara rura wannan, ina roƙo ku dube shi da idon basira. Wa'azi ne da yake shigowa ta waya da talabijin, yana kuma hawa wasu bagadanmu, mai auna bangaskiya da abin da ta kawo. In kana da bangaskiya ba za ka yi ciwo ba, in ka shuka iri na jika biyar za ka girbe ɗari, in ba ka warke ba bangaskiyarka ce kaɗan. Na san uwar da ɗanta ya rasu da zazzaɓin damina bayan ta yi azumi da addu'a iyakar ƙarfinta, wani mai wa'azi ya ce mata da ta gaskata sosai da yaron yana nan. Tun daga ranar ba ta sake taka majami'a ba, mu kuwa muka rubuta ta cikin waɗanda suka yi sanyi. Wa ya sanyaya ta? An ɗauki baiwar Allah an mayar da ita kuɗin saye, aka ce mata nata bai kai ba. Bulus fa sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da take jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. Ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas da rashin lafiya. Ibraniyawa sura 11, bayan ta lissafa waɗanda suka rufe bakin zakoki, ta ci gaba da waɗanda aka jejjefe, aka tsaga da zarto, suka yi yawo cikin fatun awaki, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiya. Mahaifin yaron nan mai farfaɗiya a Markus sura 9 cewa ya yi, na gaskata, ka taimaki rashin bangaskiyata, Yesu kuwa bai ce masa je ka ka cika ta tukuna ba. Ku da kuka yi karatu a Agiye da sauran makarantun Littafi kun san waɗannan ayoyi fiye da ni. Ina roƙonku ku yi wa'azinsu a fili, ku kuma san wanda kuke ba bagadi a tarukan farkaswa.

Sai batun horo. Ban ce a daina shi ba, Littafi ya umarta, ikkilisiyar da ba ta tsawatarwa ba ta ƙaunar ƴaƴanta. Amma sau nawa muke sanar da ranar da aka sa mutum ƙarƙashin horo a gaban jama'a, ba mu taɓa sa ranar da za a sake duba maganarsa ba? A mayar da yarinya bencin baya, a hana ta jibin Ubangiji, wata shida, shekara, ba dattijon da ya taka gidansu, ba uwar zumunta da ta zauna da ita a tabarma. Ran da ta daina zuwa sai mu ce kun gani, dama ba ta tuba ba. Sau da yawa kuma ita kaɗai ce a bencin, domin laifinta ne ya fito a jiki, namijin yana can gaba yana kaɗa ganga. Mutumin da Bulus ya sa aka hora a Koranti, a wasiƙa ta biyu sura 2 cewa ya yi horon ya isa, ku yafe masa, ku ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Rabin farko muka riƙe, muka bar na biyun.

Wani dattijo zai ce, ɗana, in ka ce komai baiwa ne, ai ka koya wa yara lalaci, kowa ya miƙe ƙafa ya ce Allah zai riƙe ni. Baba, Bulus ya haɗa biyun a numfashi ɗaya: ku yi ta aikata cetonku da tsoro da rawar jiki, domin Allah ne yake aiki a cikinku, ku yi nufi ku kuma aikata. Baiwar tana da hanyar da take bi. Bangaskiya daga ji take, ji kuwa ta maganar Almasihu. Tana bi ta karatun Littafi, ta jibin Ubangiji, ta taron ƴanʼuwa, ta bakin wanda ya zo gaisuwa. Sanin cewa baiwa ce ba ya rage wa kowa aiki, mu masu riƙe da waɗannan hanyoyi ma ƙara mana yake yi.

Manoman jihar nan sun riga sun nuna mana yadda abin yake. A farkon shekarun 1980 an yi ta dasa itatuwa daga gandun reno, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona na SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran nan da ake sassabewa ana ƙonawa kowace bazara ba ciyawa ba ce, tohon kututturen itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin kawai a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi, a rage sauran, a tsare su daga gatari da dabbobi. Da farko dariya aka yi masa. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu daga gona zuwa gona, shi ne sassaben zamani, yau ana ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a ƙasar nan. Manomi bai sa rai a saiwar sabara ko kalgo ba, ba zai kuma iya ba. Amma yana iya ƙone tohon kowace shekara ya ce ai gonar ba itace. Sunayen nan da ke cikin littattafanku, ba ku san wanne ne saiwarsa take da rai ba, ni ma ban sani ba. Tun da ba mu sani ba, ba mu da izinin sa wuta.

Ga abin da nake roƙo. Kowace majami'a ta fitar da sunayen nan, a raba wa dattawa da uwayen zumunta, mutum biyu biyu, a je gidajensu. Kada zuwan farko ya zama na tuhuma ko na wa'azi. A je a gaisa, a tambayi yara, a ji abin da ya faru, in ana bikin suna ko gaisuwar mutuwa a gidan a same mu a can. Wadda ta auri wanda ba mai bi ba, a girmama mijinta da gidanta, a yi sallama a ƙofa kamar yadda al'ada ta tanada, amma kada ta ji cewa ranar ɗaurin aurenta ce ranar jana'izarta a wurinmu. Duk horon da za a sanar, a sanar da shi tare da sunan wanda zai riƙa ziyara da ranar da za a sake zama, ranar dawowa kuma a yi ta a gaban jama'a kamar yadda aka yi ta fitarwa.

Matasanmu masu tafiya ci-rani a yi musu addu'a a gaban ikkilisiya kafin su tashi, a karɓi lambarsu, a sa musu Littafi Mai Tsarki na Hausa a waya, har da na saurare don wanda bai iya karatu ba, a kuma sa wani ya riƙa kiransu ko sau ɗaya a wata. Ajin koyon karatu da iyayenmu suka sani, wanda ya sa tsofaffin da ba su taɓa shiga lakwal ba suke buɗe Zabura da kansu, ya mutu a wurare da yawa. A tashe shi, domin wanda ba ya iya karantawa da kansa duk abin da mai wa'azin waya ya faɗa masa shi ne Littafi. Batun tsadar aure kuwa, ku ne kaɗai za ku iya zama ku rage shi, in kun fara da auren ƴaƴanku. A kuma ware wani abu daga baikon godiya na kaka, buhu nawa ne ma, a ajiye don wanda aka hana gona saboda bangaskiyarsa, kada yunwar watan bakwai ta yanke masa hukuncin da zuciyarsa ba ta yanke ba.

Wannan koyarwa ta shafi zamanmu da maƙwabta ma. Su kansu sukan ce shiriya ta Allah ce. In mun yarda cewa ba mu muka ba kanmu bangaskiya ba, ba mu da dalilin raina wanda bai karɓa ba, ba mu da dalilin zagin abin da yake girmamawa, ba kuma za mu sayi kowa da hatsi ko magani ba. Namu shaida da zaman gaskiya, ciniki ba algus, bashi a biya kan lokaci.

Ku kuma ƴanʼuwana da kuka daina zuwa, in wannan ta iso wayarku: ban san abin da ke zuciyarku ba, ba kuma zan yi kamar na sani ba. Wataƙila an ɓata muku rai, wataƙila tambayoyi ne suka yi muku yawa ba wanda ya tsaya ya saurara, wataƙila kunya ce kawai. In abin da ya rage muku bai wuce "ka taimaki rashin bangaskiyata" ba, wannan addu'a ce cikakkiya, an taɓa amsa ta. In wani daga cikinmu ya yi sallama a ƙofarku cikin makonnin nan, ku ba shi tabarma, ku faɗa masa gaskiya ko da mai ɗaci ce a kanmu.

Iyayena, ina roƙo a karanta wannan wasiƙa a zaman dattawa na gaba, kafin a shiga batun gini da kuɗi, a kuma zo da littafin sunaye. Inda harshena ya yi kaifi a gaban manya, ku yi mini gafara irin ta uba da ɗa. In ana neman wanda zai raka dattijo ziyara ranar Lahadi da la'asar, a sa sunana.

Ɗanku cikin Ubangiji,
malamin ajin baftisma,
Maraɗi.